Ɗana ya sauya kulob uku cikin shekara uku, yanzu an ce in sayar da shanu a kai shi waje

Wani dattijo daga Ƙaura Namoda ya aiko da wannan tambaya: "Ɗana ɗan ƙwallo ne, shekararsa 20. Cikin shekara uku ya buga wa kulob uku, bai zauna wuri ɗaya ba, yayyensa na cewa yawon banza yake yi. Yanzu kuma wani mutum ya zo ya ce zai kai shi gwaji ƙasar waje idan muka biya kuɗin jirgi da biza da masauki. Mahaifiyarsa na son in sayar da shanu biyu. Shin yawan sauya kulob aibi ne ga ɗan wasa? Kuma in ba da kuɗin nan?"

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Tambaya biyu ka yi, ta biyun ta fi gaggawa, don haka ga amsarta tun daga farko: kada ka sayar da shanun nan. Dalilin zai zo a gaba. Na yi shekaru ina sakataren wata ƙaramar ƙungiya a nan Gusau, ni ke cike fom ɗin rajista, ni ke bin takardar sallama idan yaro zai tashi, kuma ni iyaye ke zuwa wa gida idan abu ya lalace. Abin da zan faɗa maka daga can na samo shi.

Yawan kulob shi kaɗai ba ya nuna komai, ba alheri ba, ba sharri ba. Ɗan ƙwallo tamkar ɗan cin rani yake, inda aiki yake can yake dosa, kuma ranin nasa gajere ne, kafin ya ankara ya kai shekara 33 ko 35 ƙafa ta fara yi masa gardama. Abin dubawa shi ne dalilin kowace tashi. Ya tashi ne saboda an gan shi an nema, ko saboda an gaji da shi? Inda ya je, yana bugawa ko yana ɗumama benci? Kuma da zai tafi, akwai takarda ko da baki aka yi?

Ɗauki Ahmed Musa, wanda ko yayyen yaron ba za su kira shi ɗan yawon banza ba. An haife shi a Jos a 1992. Ya taso a makarantar ƙwallo ta GBS, ya buga wa JUTH ta Jos, daga nan ya zo Kano Pillars inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya fi kowa zura ƙwallo a gasar Najeriya. Ƙwallayen nan 18 su ne bizarsa ta gaskiya. Su suka sa VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta neme shi, kuma ko da aka daidaita sai da aka jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya buga musu, domin dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa da ba su cika shafar yaranmu ba. Ka lura, VVV ba babbar ƙungiya ba ce, ƙarama ce mai fafutukar kada ta faɗi. Amma a can ya samu abin da yaro ɗan shekara 18 ya fi bukata, wato a sa shi a wasa kowane mako. A Janairun 2012 CSKA ta Mosko ta saye shi, ya ɗauki kofin gasar Rasha sau uku da ita, a 2013 da 2014 da 2016. Tsakanin nan ya ci kofin Afirka da Najeriya a 2013, ya kuma zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014.

Zuwa nan kowace tashi hawa ce. Amma wurin da nake so ka tsaya ka duba da kyau shi ne abin da ya biyo baya. A 2016 Leicester City, wadda ta gama ɗaukar kofin Firimiyar Ingila, ta saye shi a kan kuɗin da suka haura fam miliyan 16, kuɗin da ba ta taɓa sayen ɗan wasa da su ba kafin lokacin. Duk Arewa aka yi murna. Sai abin bai karɓe shi ba. Ƙwallo biyu kawai ya ci a gasar Firimiya, kocin da ya kawo shi, Claudio Ranieri, aka sallame shi a Fabrairun 2017, daga nan Musa ya koma ɗan kallo. Albashinsa na shiga, sunansa na cikin babbar ƙungiya, amma ƙafa na tsatsa. Da wani ne da ya zauna yana cin albashi har kwantiragi ya ƙare. Shi kuwa a Janairun 2018 ya yarda a ba da shi aro ya koma CSKA inda ya baro, abin da wasu suka ɗauka ci baya ne. Ya buga wasanni, ƙafa ta dawo, wata biyar bayan haka ya zura wa Aisilan ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya a Rasha. Ƙwallayen nan suka buɗe masa ƙofar Al-Nassr ta Saudiyya, inda ya ɗauki kofin gasar ƙasar a 2019. Da suka rabu a Oktoban 2020 ya yi watanni ba ƙungiya, sai ya dawo Kano Pillars a Afrilun 2021, bai ce ya fi ƙarfin gasar gida ba. Daga nan Turkiyya, Fatih Karagümrük sannan Sivasspor, a 2024 kuma ya sake dawowa Pillars. Ƙungiyoyi takwas a ƙasashe shida, kuma babu ɗan Najeriya da ya kai shi yawan buga wa ƙasa wasa. A ganina, cikin duk tafiye-tafiyen nan wadda ta fi nuna hankalinsa ita ce ta komawa Mosko, domin ya zaɓi fili a kan suna.

Ga maƙwabcinmu kuma, Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato. Daga Pillars ya tafi Qadsia ta Kuwait, daga can Fotugal, sai Saifurus, sai Bursaspor ta Turkiyya, ya sake komawa Saifurus, ya je Bulgeriya, sannan ya dawo gida. Babu ƙungiya ko ɗaya a jerin nan da yara ke sa rigarta a gidan kallo, amma yana cikin wannan tafiya ya samo wa Najeriya lambar tagulla a gasar Olamfik ta 2016, ya je gasar cin kofin duniya ta 2018. Sana'a ce ya yi, ya ci abinci da ita.

Akwai kuma wani nau'in yawo mai cin rai, wanda ba yaron ke zaɓa ba. Umar Sadiq ɗan Kaduna ya samu shiga Roma ta Italiya yana matashi, kowa ya ce ya haye. Sai Roma ta riƙa ba da shi aro: Bologna, Torino, NAC Breda a Holan, Rangers a Sikotilan inda da ƙyar ya taɓa ƙwallo, Perugia, sai Partizan ta Sabiya. Aro shida cikin shekara uku zuwa huɗu. Kowane wuri sabon koci, sabon yare, sabon tsarin wasa, kuma kocin da ya san cewa yaron ba nasa ba ne ba zai ɓata lokaci yana gyara shi ba, kamar yadda ba a yi wa gonar aro taki mai yawa. Sai a Partizan ya samu wurin da aka yarda da shi aka bar shi yana bugawa, ƙwallaye suka fara zuba. Almería ta Sifaniya ta saye shi a 2020, ya ci ƙwallo 20 a kakarsa ta farko a gasar rukuni na biyu, a kaka ta gaba ya taimaka suka hau rukuni na ɗaya. Real Sociedad ta ɗauke shi a farkon Satumban 2022, bai cika mako biyu ba jijiyar gwiwarsa ta tsinke, kakar ta tafi a jinya. Wannan ma yana cikin sana'ar, kuma shi ya sa nake matsa wa iyaye a kan takarda: wanda ya ji rauni yana da kwantiragi ana biyansa ana yi masa magani, wanda ya ji rauni a wurin gwaji kuwa sai dai a ce Allah ya sawwaƙe.

Zama wuri ɗaya ma ba laifi ba ne. Rabi'u Ali ya shafe fiye da shekara goma a Pillars, kuma Kano ba za ta manta da shi ba.

To, mu dawo kan ɗanka. Ka zaunar da shi, ba a gaban yayyensa ba, ka tambaye shi labarin kowace tashi cikin ukun nan. Gasar Najeriya hawa-hawa ce: akwai NLO a ƙasa, sai NNL, sai NPFL a sama. Idan daga ƙungiyar unguwa ya shiga mai buga NLO, daga can ya shiga mai buga NNL, to yaron hawa yake yi, a yi masa addu'a. Idan ya tashi ne saboda an riƙe masa albashi wata da watanni, wannan ba laifinsa ba ne, ciwo ne da ya daɗe a ƙwallonmu, musamman a ƙungiyoyin da ke jiran kuɗi daga gwamnati. Amma idan a duk wurare ukun labarin ɗaya ne, koci ba ya sona, koci ya tsane ni, to Alhaji, koci uku ba sa haɗuwa su tsani yaro ɗaya ba dalili. A nan sai a duba atisaye, a duba barci, a duba abokai. Sannan ka tambaye shi wasa nawa aka fara da shi a kakar da ta wuce. Wannan adadin ya fi sunan kowace ƙungiya muhimmanci, domin shi duk mai neman ɗan wasa da gaske zai fara tambaya.

Ka kuma tambaye shi ko an yi masa rajista a kowace ƙungiya, kuma ko ya karɓi takardar sallama da zai bar ta. Mutanenmu na raina wannan, alhali a nan kuɗi suke kwance. A tsarin FIFA kowane ɗan wasa yana da kundin da ke nuna duk ƙungiyar da ta rene shi tun yana shekara 12. Duk ranar da aka sayar da shi daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Akwai kuma kuɗin horarwa da ake biya idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru. Yawancin ƙungiyoyinmu na Gusau da Ƙaura da Talata Mafara ba su da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, yaransu ma ba su da ita. Koci zai sha rana shekara shida yana koyar da yaro, yana saya masa takalmi daga aljihunsa, ranar da yaron ya yi daraja sai wata makarantar ƙwallo a wani gari ta rubuta sunansa a matsayin nata, ta kwashe rabon. Abin yana ci mini rai ƙwarai, domin kuɗin fom ɗin bai kai kuɗin buhun masara ba. Ga yaron kansa kuma, idan tsohuwar ƙungiya ba ta sallame shi a rubuce ba, tana iya tasowa ranar da ciniki ya faɗa ta ce nata ne, ciniki ya watse.

Yanzu maganar mutumin da ya zo. Dillalin ƙwallo na gaskiya bai bambanta da dillalin kara ba: la'adarsa tana fitowa ne bayan an yi ciniki. Ka taɓa ganin dillalin da ya ce ka biya shi kafin ya nuna maka mai sayen sanka? Ƙungiyar da ke son ganin yaro da gaske ita ke aiko da takardar gayyata mai ɗauke da sunansa da ranakun gwajin, kuma bisa al'ada ita ke ɗaukar nauyin zuwansa, ko dillalin ya zuba kuɗinsa saboda ya yarda da hajarsa. Dokar FIFA ta yanzu ma ta tsara gwaji: akwai fom da ƙungiya da ɗan wasa ke sa wa hannu a shigar da fom ɗin wurin FIFA kafin a fara, gwajin wanda bai wuce shekara 21 ba ba ya wuce mako takwas a ƙungiya ɗaya cikin kaka ɗaya, kuma an hana neman kuɗi ko karɓarsu a kan gwaji. Tun 2023 kuma FIFA ke ba dillalai lasisi bayan jarrabawa, sunayensu na nan a shafinta na intanet, kowa na iya dubawa. Yarjejeniyar da ɗan wasa zai yi da dillali ba ta wuce shekara biyu. Idan mutumin nan ya kawo takardar da ta ɗaure yaron shekara biyar ko goma, ko ta ce yana da kaso a kuɗin sayar da yaron nan gaba, ka san ya saɓa doka, domin tun 2015 aka hana wani na gefe mallakar kaso a ɗan wasa.

Ina faɗa da zafi ne saboda na gani da idona. Akwai wani yaro da ya taso a hannunmu, mai tsaron baya ta hagu, natsattse, ba ya fashin atisaye. Wani ya zo da hotuna a waya da wata takarda mai tambari, ya ce ƙungiya na jiransa. Na ce a ba ni kwana uku in bincika, aka ce ina yi wa yaro baƙin ciki. Mahaifinsa ya jinginar da gona. Aka kai shi wata ƙasa da bizar yawon buɗe ido ta wata ɗaya, aka ajiye su su tara a ɗaki guda, mutumin ya karɓe fasfo ɗinsu ya ce zai je ya gyara takardu. Ba a sake ganinsa ba. Ƙungiyar da aka ambata ba ta ma san da zuwansu ba. Wata bakwai yaron ya yi yana ɓuya saboda biza ta ƙare, yana buga ƙwallon unguwa don ya samu na abinci, a nan ya ji ciwo a gwiwa ba mai duba shi. Sai da dangi suka sake haɗa kuɗi aka dawo da shi. Ya rasa kaka guda cif, gurbinsa a ƙungiya wani ya shige, gwiwar kuma ba ta sake komawa daidai ba. Har yau idan na haɗu da mahaifinsa a masallaci sai in ji da ma na ƙara dagewa a ranar.

Saboda haka ka ce wa mutumin ya kawo abu uku: lambar lasisinsa, sunan ƙungiyar, da takardar gayyata daga ƙungiyar kanta. Sai a samu wani mai ilimi a gida ya nemi adireshin ƙungiyar a shafinta, ba wanda mutumin ya bayar ba, ya rubuta musu ya tambaya ko sun san da maganar. Na gaskiya ba zai ji haushi ba, zai ma taimaka. Na ƙarya zai fara cewa lokaci na ƙurewa, jirgi jibi ne, akwai wani yaron da ke jiran gurbin. Da ka ji wannan gaggawar, ka sallame shi cikin mutunci. Ka kuma lura da lokaci: kasuwar 'yan wasa sau biyu take buɗewa a shekara a kowace ƙasa, a Turai galibi tsakiyar shekara da kuma Janairu, in ba a cikinsu ba ba a yi wa ɗan wasan da ke da ƙungiya rajista a wata sabuwa. Sannan a kaka ɗaya ɗan wasa ba ya yin rajista da ƙungiya fiye da uku, kuma biyu kawai zai buga wa wasan gasa. Yaron da ke tsalle-tsalle ba lissafi yana iya wayar gari doka ta zaunar da shi.

Idan Allah ya sa maganar ta tabbata, ko wata ta zo nan gaba, ga abin da za a kula da shi a kwantiragi. Kada ya sa hannu a takardar da bai fahimci yarenta ba, a nemi fassara, a ba shi kwafinsa ya riƙe, a aiko maka da hotonsa gida. A duba albashin, kafin haraji ne ko bayan haraji, domin a Turai bambancin na da yawa. A duba wa zai biya gida, wa zai biya jirgin dawowa, wa zai biya magani. Kwantiragi ba ya wuce shekara biyar. Idan ƙungiyar waje ta riƙe masa albashin wata biyu, yana da damar rubuta mata takarda ya ba ta kwana 15, in ba ta biya ba ya raba gari da ita ya kai ƙara kotun ƙwallo ta FIFA, kuma ɗan wasa ba ya biyan kuɗin shigar da ƙara a can. Amma kada ya yi fushi ya haɗa kaya ya taho ba tare da rubuta takardar nan ba, sai laifin ya juyo kansa. Idan saura wata shida kwantiragi ya ƙare, yana da 'yancin daidaitawa da wata ƙungiya. Fasfo ɗinsa kuma ya zauna a hannunsa, ba a hannun kowa ba.

Wani abu da za a zo muku da shi, in ma ba a riga an zo ba, shi ne a rage masa shekaru. Kada ka yarda. Bayan kasancewarsa ƙarya, yanzu bayanan mutum na nan a katin ɗan ƙasa da fasfo da takardun makaranta, saɓani ɗaya ya isa ya rushe cinikin da aka yi shekaru ana jira.

Ga mahaifiyarsa, ka gaya mata ba ƙin ci gaban ɗanta ake yi ba. Shekara 20 ba ta wuce ba, amma kuma ba lokacin ɓarnatar da kaka guda ba ne. Shawarata ita ce ya zauna a ƙungiyar da yake yanzu, ko wadda za ta riƙa sa shi a wasa, ya buga kaka ɗaya cikakkiya daga farko har ƙarshe. A samu mai waya mai kyau ya riƙa ɗaukar wasanninsa, cikakken wasa, ba guntayen da aka tsince masu kyau kaɗai ba, domin masu neman 'yan wasa suna son ganin abin da yaro ke yi lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarsa. In akwai abin da za ka kashe, ka kashe a kan takalmi mai kyau, abinci, da kuɗin mota zuwa gwajin ƙungiyoyin gida kafin a fara kaka, irin su Zamfara United a nan, ko Sokoto United, ko Katsina United da Pillars in ya kai. Wannan ɗan rago ɗaya ya isa, ba sai an taɓa shanu ba. Ya kuma riƙe karatu ko wata sana'a a gefe, saboda gwiwa ba ta sallama kafin ta tafi.

Kai ma, Alhaji, ka daure ka je ka kalle shi ko sau ɗaya. Ranar da suke da wasa a filin Sardauna da ke Gusau ka shigo mota ka zo, ka zauna ka ga ko da shi aka fara, bayan an tashi ka gaisa da kocinsa ka tambaye shi gaskiyar matsayin yaron. Ka taho da duk takardun da ke hannunsa, har da wadda mutumin nan ya kawo, ku biya ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha a duba ko sunansa na cikin rajista, kuma a ƙarƙashin wace ƙungiya.